Babba Ne Ke Shiga Ƙarshe

Daren Talata, Nasiriyya, Riyad

Yau na warware mas'alar da malaman falsafa suka yi sakaci da ita: me ya sa maigidana, tsohon babban hafsan sojan ruwa, ba ya shiga mota sai ni direba na zauna? In na buɗe masa ƙofa, sai ya tsaya ƙiƙam yana dubana. Mako uku ina zaton laifi na yi, ga shi kafilina ne, iƙamata kuma saura wata guda.

Da la'asar na yi ta maza na tambaya. Ya yi dariya har da tari.

"La wallah, ya Sani, aikinka lafiya lau! Al'adar teku ce. A kwale-kwalenmu babba ne ke shiga ƙarshe, ya fita farko."

Daɗi ya ɗebe ni. "Ranka ya daɗe, har lokacin yaƙi?"

Dariyar ta ɗauke. "In jirgi ya kama da wuta, babba ke fita ƙarshe. Sau ɗaya na yi. Mutum biyu ban same su ba."

Har gida bai sake magana ba. Ina son sanin sunayensu, amma wannan tambayar ba ta direba ba ce.