Tsayawa da Dainawa

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Ranar ruwanmu ce. Na gama ban-ruwan tumatir kafin azahar. Da na dawo gida na tarar an zaɓi 'yata Ummi ta wakilci makarantarsu a gasar Turanci. Zagayen farko a Kura, na biyu a Bunkure, wanda ya fi maki ya wuce Kano. Halimatu Sa'adiyya aka kira a taron makaranta, in ji ta. Sunan mahaifiyata ne, bakina ba ya iya faɗinsa, sai dai in rubuta.

Na ce daga yau kullum bayan la'asar za mu zauna. Matata Hajara ta ce, "Malam, ba tana da malama ba?" Na ce malama daban, uba daban.

Alhamis, 16 ga Janairu

Darasin aikatau. Na ba ta dokar da na riƙe tun ina sakandare: idan aikatau biyu suka haɗu a Turanci, sai a sa "to" a tsakaninsu, kamar bututun da ke ɗauko ruwa daga kanal zuwa gona. "Want to go." "Try to read." Shi ke nan.

Ta ce, "Baba, Malama Saliha ta ce ba kullum ba. Wai 'stop watering' daban, 'stop to water' daban."

Na ce duk abu ɗaya ne, na farkon hanyar malalata ce kawai. Har da dariya, har da cewa malaman yanzu sai a hankali. Ta rubuta nawa a ƙasan na malamarta. Ba ta goge na malamar ba, na lura.

Gaskiya ban tabbata ba. Amma ƙannenta na zaune suna kallona, kuma duk sashenmu ni ake kawo wa kwalbar maganin feshi in karanta.

Asabar, 18 ga Janairu

Na sake yi wa Ummi tambayar. Ta amsa irin tawa. Na ji daɗi.

Laraba, 22 ga Janairu

Kura. Na sa farar shaddata, na zauna a layin gaba duk da an ce iyaye su koma baya. Ummi ta cinye tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, har wani ya taɓa ni ya ce, "'Yarka ce? Masha Allah."

Sai ta ƙarshe, mai maki da yawa. Alƙalin gasar ya karanta jimla biyu. "The farmer stopped watering." "The farmer stopped to water." Ya ce, ma'anarsu ɗaya ko daban?

Ta buɗe baki, sai ta dube ni. Ban san ko na gyaɗa kai ba. Ina jin na gyaɗa.

Ta ce ɗaya ne.

Alƙalin ya yi bayani da Hausa don kowa ya ji. Na farko ya daina ban-ruwa. Na biyu ya tsaya domin ya yi ban-ruwa. "Ɗaya gonarsa ta bushe, ɗaya tasa ta ƙoshi." Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Haba 'yar bakin kanal!"

Ta zo ta uku. A kan babur muna dawowa ba ta riƙe rigata ba, ƙarfen baya ta riƙe.

Alhamis, 23 ga Janairu

Daina. Tsaya. Mu muna da kalma biyu, su ɗaya gare su, sai abin da ya biyo bayanta ya raba. Da na mayar da jimlar Hausa ranar nan, da ko Maikuɗi maƙwabcin gonata, wanda bai taɓa shiga aji ba, ba zai ce ɗaya ne ba.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma. Ummi ba ta fito ba. Hajara ta ce tana taya ta gyaran shinkafa. Shinkafar da aka gyara tun jiya.

Litinin, 27 ga Janairu

Na haɗu da Malama Saliha a kasuwa. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Bayan gaisuwa ta ce Ummi ta nemi a cire sunanta daga zagayen Bunkure.

"Malam Iliyasu, abin da ya ɗaure mini kai, wannan tambayar ko daga barci aka tashe ta ta san ta. Ita ke koya wa 'yan ajinsu. Na tambaye ta me ya faru, ta ce ruɗewa ta yi."

Na ce yara sai haƙuri. Ni na faɗi haka. Da bakina.

Ba ruɗewa ta yi ba. Ta san amsar, ta ga ubanta a layin gaba da farar shadda, ta gwammace ta faɗi gasar da ta ƙaryata ni a gaban mutane. In ta je Bunkure kuma haka za ta sake yi, shi ya sa ta janye.

Laraba, 29 ga Janairu

A gona na shirya abin da zan ce wa Ummi, na zo gida maganar ta gudu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Maikuɗi ya miƙo mini kwalbar maganin tsutsa. "Bature, duba mana, kar in ƙona tumatirin." Ina karantawa sai idona ya tsaya: "Avoid spraying in strong wind." Babu "to". Kwalbar nan ba yau na fara karanta irinta ba. Kullum ina fassara ta daidai, ban taɓa kallon yadda aka gina ta ba.

Ya ce, "Ya ka yi shiru, Turancin ne ya ƙare?" Na ce ya ara mini kwalbar zuwa gobe.

Da la'asar na kira Ummi, na ba ta. Na ce, "Ummina, a dokata ya kamata a ce 'avoid to spray'. Su ne suka yi kuskure ko ni?"

Ta daɗe tana juya kwalbar. Ƙannenta na nan. Ban kore su ba.

A hankali ta ce, "Baba, akwai masu son 'to', akwai masu son '-ing'. 'Avoid' ba ya shiri da 'to'. 'Enjoy' ma haka. Akwai kuma masu karɓar duka biyun, amma ma'ana ta sauya."

Na ce ta ba ni misali. Ta ba ni. Na ce ta ƙara. Na ɗauko biro ina rubutawa a ƙasan dokata. Tawa na goge.

Hajara daga madafa ta ce, "Yau kuma wa ke koya wa wani?"

Talata, 4 ga Fabrairu

Ummi ta ce wa malamarta a mayar da sunanta. A bakin Hajara na ji.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Bunkure. Na sauke Ummi a ƙofar makarantar da ake gasar, na ce ba zan shiga ba, ruwa na jirana a gona. Ta san ba ranarmu ba ce. Ta gyara hijabinta ta ce, "To Baba, ka daina kallo ke nan?" Na ce ta wuce kar ta makara.

Sarƙar babur ɗin ta ɗan saki, sai na tura shi gindin katanga in duba. Daidai tagar zauren ne, ban zaɓa ba. Ana jin komai. Wata tambaya da aka yi mata, ni da "to" zan amsa. Na riƙe bakina, duk da ba mai ganina. Ta amsa da ƙarfi, ba ta jira kowa ba. Aka tafa.

Makinta na Kura ya ja ta baya, amma na yau ya cike. Za ta je Kano.

Da ta fito ta gan ni tsugune, hannuna ko baƙin mai babu. Ta dubi sarƙar, ta dube ni. Na ce tsayawa na yi in gyara.

Ta ce, "Na sani, Baba."

A hanya ta riƙe rigata.