Sunan da Ke Jikin Mita

Talata da dare, Maris 2017

Har yanzu zuciyata tafasa take. Kwana uku kafil, Balaraben ubangidanmu, yana neman takardar tsohon gidansu na unguwar Shumaisi a ofishin filaye, ana ce masa babu. Ya ce tsakanina da abokin aikina Bashir, wanda ya gano ta shi zai zauna masa a ofis.

Ni da na koyi karatun Larabci a allunan titi, ni na lura da sunan da ke jikin mitar wutar gidan. Na kakan kafil ne, ba na babansa da ake ta nema ba. Na raɗa wa Bashir da Hausa, don ina kunyar Larabcina na kasuwa. Gogan ya gyara murya, ya zuba wa ma'aikacin ofishin filayen da Larabcin jami'a. Nan take takarda ta fito.

Kafil ya dafa shi: "Masha Allah, ya ustaz!" Ni kuwa makullin mota ya cillo mini.

A hanya na ce, "Malam Bashir, bakinka ciwo yake?"

Ya ce, "Haba Sale, ai duk ɗaya ne."

Ɗaya a gidan wa? Gobe yana shan sanyin esi a ofis, ina gasuwa a sitiyari. Kuma ni na miƙa masa kujerar da bakina.