Mijina Na So In Yi Ƙarya Kan Aikin Ɗanmu

Uwargida Odessa,

Don Allah ki taimake ni da shawara, don duk faɗin Toledo ba ni da wanda zan iya buɗe wa cikina.

Maigidana Casimir tun yana saurayi yake aiki a gidan burodi. Mutum ne da abokan aiki suka yarda da shi, shi ya sa ƙungiyarsu ta sa shi cikin amintattun da ke kula da asusun lafiyar ma'aikata. Ba a biyansa. Ko biron ƙungiya bai taɓa kawowa gida ba.

Ɗanmu ɗaya ne, Tobias. Ƙwaya ta kusa kashe shi. Da ya fito daga asibiti ya shiryu, amma duk inda ya nemi aiki sai a ce za a kira shi. Yana zaune a ɗaki, ni kuma ina kallonsa yana ramewa, ina tsoron ranar da zai koma ruwa.

Ana haka sai wani Mista Dunleavy, wakilin kamfanin da ke neman kwangilar magungunan asusun, ya fara zuwa cin soyayyen kifin da muke yi ranar Juma'a a zauren coci. Mai fara'a ne, har kujeru yake taya mu ɗauka. Shi ya dafa kafaɗar Casimir ya ce, "Haba ɗan'uwa, yaro kamar wannan a zaune? Turo min shi." Tobias ya sami aiki a ɗakin ajiyar kayansu. Na yi kukan daɗi. Ba a daɗe ba amintattu suka zauna, Casimir ya goyi bayan kamfanin, aka ba su kwangilar.

Daga nan abubuwa suka canza. Lorraine, matar abokin aikinsa Otis, mai ciwon sukari, ta je karɓar allurarta aka ce asusu ya daina biyan irinta. Wadda aka sauya mata ba ta karɓe ta ba, har ta kwanta asibiti. Na je dubiya, ta riƙe hannuna tana cewa, "Ki gaya wa Casimir ya bi mana kadi, shi kaɗai muka yarda da shi." Na rasa inda zan sa fuskata.

Yanzu jami'an gwamnatin tarayya suna bincike kan kwangilar, sun bar min saƙo in kira su. Casimir ya ce in faɗa musu ni na samo wa yaron aiki ta hannun wata ƙawata. Ya rantse ko babu Tobias kamfanin zai zaɓa, don su ne mafi sauƙi. Ya ce, "Ke, sisin wa na ci? Ɗana na ceto." Wani lokaci in yarda da shi, wani lokaci in tuna bai taɓa gaya wa sauran amintattun inda ɗansa ke aiki ba. Tobias bai san komai ba, gani yake ƙoƙarinsa ne. In ya ji, ban san me zai yi wa kansa ba. Jumla ɗaya ce kawai, Uwargida. In faɗe ta?

Uwa mai tsoro, Toledo

Ya ke 'yar'uwata,

Kada ki faɗe ta. Yi wa jami'an tarayya ƙarya laifi ne mai zaman kansa, kuma ɗaurinsa na iya fin na abin da ake zargin mijinki da shi. Yau ke ba ki da laifi. Kina faɗin wannan jumla kin samu, kin kuma jawo ƙawarki ciki. In aka tafi da ku biyu, wa zai zauna da Tobias?

Ban ɗauki Casimir mugu ba. Uba ne da aka gano inda yake masa ciwo aka danna. Amma dokar da ke kare asusun ma'aikata ba ta tsaya kan kuɗi a ambulan ba. Duk wani abu mai daraja da aka ba amintacce saboda hukuncin da zai yanke yana iya shiga ciki, har aikin da aka ba ɗansa, kuma tana kama mai bayarwa da mai karɓa. Wataƙila da gaske kamfanin ne mafi sauƙi. To da sai ya faɗa wa abokan zamansa, ya janye daga ƙuri'ar. Shirun nan shi ne abin da ke damunki, kuma kina da gaskiya.

Kafin ki kira kowa, ki nemi lauya naki na kanki, shi ma ya nemi nasa, ba na ƙungiya ba. Kina da damar yin shiru, kuma doka na ba mace wata kariya kan ba da shaida a kan mijinta. Lauya zai nuna miki iyakarta. Casimir ya sauka daga kujerar, ya tafi wurin jami'an da ƙafarsa ya faɗi abin da ya faru. Ban yi miki alkawarin zai tsira ba, amma wanda ya kai kansa yakan fi samun sassauci. Ya kuma sa sauran amintattu su sake duba maganin Lorraine da na ire-irenta, wannan ba ya jiran kotu.

Shi kuwa Tobias, ku gaya masa da bakinku, tare da mai ba shi shawara a asibiti, kafin ya ji a talabijin. Ku ce masa ƙofar ce aka buɗe ta hanyar da ba daidai ba, amma tashin sassafe da barin ƙwaya nasa ne, ba wanda ya ba shi. Zai yi fushi. Ku bar shi ya yi, ku zauna kusa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ba Lorraine lafiya, ya riƙe muku yaronku.

Odessa