Akurkin Kajin Inna

Gusau

Zuwa ga ƙanwata Wasila,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da kowa da kowa. Tunda an katse layukan waya, na ba Malam Jibo direba wannan takarda.

Ki karanta wa Inna a hankali. Ta ce ba za ta baro ƙauye ta dawo wurina ba saboda gidan birni ba shi da wurin kaji. To, yanzu akwai. Na gina akurki a bayan ɗakin matata Zuwaira. Na kafa itace, na kewaye da ragar waya har sama saboda shirwa, na shafe ƙasan da siminti don kada gafiya ta tono. Ƙofar ce ban tabbata ba, sau biyu ina cire ta ina mayarwa.

Labarin da muke ji daga wajen 'Yandoto ba ya barina cin abinci. Ku taho.

Yayanki,
Abdulaziz

*

Yaya Abdulaziz,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na karanta mata. Da na zo kan siminti sai ta ce, "Shi wannan gidan yari ya gina? Mi kaza za ta tona? Ina za ta yi birgima? Yaron nan tun yana ƙarami shawara ke ɓata mashi aiki."

Amma ba wannan ce matsalar ba. Wake-waken kazarta ta hau kwanci cikin tsohuwar tukunyar nan ta gindin rumbu. Inna ta ce mai kwanci ba a ɗaga ta, in an ɗaga ta guje wa ƙwan take. Ba inda za ta sai an ƙyanƙyashe.

Yaya, gidan Malam Adamu sun tashi shekaranjiya. Na bayanmu ma suna ɗaure kaya. An kwashe shanun unguwar gabas da rana tsaka. Ni ba zan bar ta ita kaɗai ba.

Ƙanwarka,
Wasila

*

Wasila,

Bayan gaisuwa. Inna ta yi gaskiya. Na sa diga na fasa rabin simintin, na zuba yashi da toka. Zuwaira ta ce na rushe abin da na gina kamar mai aljanu. Wataƙila duka ya kamata in fasa. Ban sani ba.

Na tambayi wata tsohuwa mai kaji a Bungudu. Ta ce in aka ɗauko tukunyar da kazar a ciki, aka rufe da faifai da zane, wani lokaci takan zauna. Wani lokaci, ta ce. Ba zan yi wa Inna ƙaryar tabbas ba.

Jibo ya ce Juma'ar nan ce shigarsa ta ƙarshe hanyarku, ba zai ƙara ba sai abin ya lafa. Saboda haka ga abin da na yanke, kuma wannan karon ba zan cire in mayar ba. In motarsa ta dawo babu ku, ranar Asabar zan hau babur in taho ta Tsafe, in zauna tare da ku har wake-wake ta ƙyanƙyashe. Na san abin da ake yi wa mai kama da ma'aikaci a wannan hanya. Ki karanta mata wannan layin ma, kada ki tsallake.

Allah ya tsare mu.
Abdulaziz

*

Yaya,

Salam. Ban tsallake ba. Da na kai ƙarshe, ta tashi ta ɗauko faifai.

Ta ce ka kuskura ka hau babur ɗin nan, ba ta yafe ba. Ta kuma ce a gaya maka ba don kai za ta zo ba. Jibo ne bai iya riƙon tukunya ba, dole ita za ta riƙo ta a cinya.

Ka tanadi dusa. Ka fasa sauran simintin.

Sai Juma'a, in Allah ya so.
Wasila