Tagar da Na Toshe da Hannuna

Zuwa ga ɗana direba,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da motarka. Tela maƙwabcinmu ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana shi yi wa maganata gyara.

Shekaranjiya 'yarka ta tashi da zazzaɓi da amai, ko haske ba ta son gani. Matarka ta ce na sauro ne. Na ce wa yarinyar, "Amaryata, taɓa ƙirjinki da haɓa in gani." Wuya ya ƙi lanƙwasuwa, sai ihu. Ban nemi izinin kowa ba, na saɓe ta sai asibiti. Likita ta ce sai an ɗebi ruwan bayanta a auna, na dangwala yatsa a takardar amincewa. Sanƙarau ne. Ana yi mata allura.

Sannan tagar ɗakinku da ka toshe da katako saboda ɓarayi, na ɓalle ta. Ku shida kuke kwana a ciki.

Ka huta lafiya.
Ubanka, kafinta

*

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa, Allah ya ƙara nisan kwana.

Baba, ka yi haƙuri, amma abin ya yi min ciwo. Kowa a tashar nan ya ce wanda aka ɗebi ruwan bayansa ba ya sake takawa. Ni na haife ta, ya kamata a ji ta bakina. Wani abokin aikina ya san mai magani da ke sakin wuya da hayaƙi cikin kwana biyu. Don Allah ka fito da ita kafin in sauke kaya in juyo. Taga kuma a mayar.

Ɗanka mai biyayya

*

Kai direba,

Na amsa gaisuwa. Biyayyar ce dai ban gani ba.

Ba zan fito da ita ba. Ina zaune a bakin gadonta, mai son ɗaukarta sai ya fara ɗauke ni, kuma ka san ban taɓa sauƙin ɗauka ba.

Kana ta kiran mutanen tasha. Cikinsu wa ya binne ɗa a shekarar sanƙarau? Ni na binne. Yayanka da aka ce maka zazzaɓi ya kashe, ba zazzaɓi ba ne. Kana goye a lokacin. Aka ce cutar ta taga take shigowa, ni kuma ga guduma a hannu. Na buga wa tagarmu ƙusa goma sha huɗu, har yau ina jin ƙararsu. Muka cunkushe mu takwas muna shaƙar numfashin juna. Da wuyansa ya sandare na kira mai hayaƙi. Kwana biyu ya ce shi ma. Bai yi ƙarya ba, a kwana na biyu muka wanke yaron.

Likita ta ce ƙwayar cutar a maƙogwaron mai lafiya take zama, tari da atishawa ke miƙa ta ga na kusa. Ashe da ita na kulle mu. Duk gidan an ba mu ƙwayoyi, naka na wurin matarka.

Tela na share hawaye yana ɓata min takarda. Taga kuma ba za ta koma ba, na faskara katakon.

Allah ya kawo ka lafiya.
Ubanka

*

Baba,

Ban sani ba. Uwarmu ba ta taɓa faɗa ba. A bar yarinyar a inda take. Ina hanya. Tana takawa?

Ɗanka

*

Ɗana,

Tana takawa. Yau da safe ta sunkuyar da kai ta dubi ƙafafuna, ta ce angon nata ko takalmin kirki ba shi da shi.

Jin kunnenta na hagu ya tafi, likita ta ce da wuya ya dawo. In ka iso, ka tsaya mata ta dama. Ka taho min da sandunan ƙarfe huɗu, in sa wa tagar. Ɓarawo ba zai shiga ba, iska za ta shiga.

Sai ka iso.
Ubanka