Ranar da Ƙwallo Ta Faɗi Daga Hannunka

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na mace ga mijinta, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji. Na san takarda ba ta zuwa inda kake, amma shirun ya ishe ni.

Ka tuna farkon shekarun tamanin, da ka ɗauko ni daga Zariya ka kawo ni flat ɗinmu na unguwar Lewisham, a nan ƙasar Turawa? Duk mako kana gidan rediyo kana karanta labarai, ran Lahadi kuwa sai filin Regent's Park. Wasan besbol ɗin da ka koyo lokacin karatunka a Amurka ya biyo ka har nan. Kai ne mai jifa. Alhaji Issaka, mutumin Kumasi mai tuƙa tasi, shi ke tsugunawa yana cafewa. Da ya hango ni da fulas ɗin shayi sai ya ce da Hausarsa ta Kumasi, "Malam, matarka ya zo, yau dai kada ka ba mu kunya."

Ban taɓa gane wasan nan ba. Doka ɗaya ce ta zauna mini, wadda kuke kira balk, don a kicin ka koya mini ita da lemo a hannu. Ka ce idan abokin hamayya yana tsaye a tasha yana jiran ya ruga, mai jifa ba shi da damar ya fara jifa ya fasa, ko ya bar ƙwallo ta suɓuce masa. Yaudara ake ɗaukarsa, hukuncin kuwa a ba mutumin tasha ɗaya kyauta. Kana alfahari ba a taɓa kama ka da ita ba.

Sai wata Lahadi a farkon shekarun casa'in. Wasan ƙarshe ne na shekara, kuna kunnen doki, ɗan wasan abokan hamayyarku yana tasha ta uku, saura tasha ɗaya ya ci. Ka ɗaga ƙafa, ka kai hannu baya, sai ka tsaya cak. Ƙwallo ta sulale ta faɗi kusa da takalminka. Alƙalin wasa, wani dattijon Bature, ya daka tsawa. Mutumin ya tako a hankali ya ci, wasa ya ƙare. Abokanka suna ta jifa da huluna don takaici. Kai ko gardama ba ka yi ba, kana kallon yatsunka kamar na wani ne.

A hanyar gida, cikin jirgin ƙasan da ake kira tube, ka kasa sa maɓallin rigarka. Ka ce gajiya ce. Na yarda, don ina son in yarda.

Bayan an yi ta gwaje-gwaje, likita ya ce ciwon jijiya ne mai cin jiki sannu a hankali, kuma ba shi da magani. Ya cinye hannun dama, ya koma na hagu, ya sauka ƙafa. Duk wannan ka daure. Abin da ya sa ka kuka shi ne murya. Da kanka ka ajiye aiki, ka ce ba za ka bari mutanen Kano da Maraɗi su ji kana tauna kalmomi ba.

Alhaji Issaka ne ke goyo ka a baya ya sauko da kai bene duk Juma'a, kafin hukumar council su ba mu gidan ƙasa. 'Yarmu Hadiza, wadda kullum ke mayar maka da amsa da Turanci, ita ta koma yi maka hira da Hausa tana tuntuɓe, kana gyara mata da ido.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ranar jana'izarka, dattijon alƙalin nan ya zo. Ya tsaya a wajen masallaci cikin yayyafi, hula a hannu. Ya gaya mini doka ce ta sa ya yanke, amma tun da ya ga fuskarka ya san ba yaudara ba ce. Na ce masa ba ka taɓa ganin laifinsa ba. Ya yi kuka kamar ɗan'uwa.

Malam, ga abin da na kasa faɗa a bakin kabarinka jiya. Gwiwoyina sun daina jure sanyin nan, Hadiza ta yi mini booking ɗin jirgi, zan koma Zariya gaba ɗaya. Kai ka kawo ni garin nan, ga shi zan tafi in bar ka a cikin ƙasarsa. Kada ka ce na gudu, masoyina. Tsufa ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa jinyar da ka sha ta zame maka kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinka, Ya ɗebe maka kewa. Duk inda aka binne ni, Allah Ya tashe mu wuri ɗaya.

Wassalam.
Matarka har gobe,
Rabi