Hasken da Ya Riga Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Darakta ya kunna mana kiɗan sabon wasan. Rok ne zalla: jitar lantarki sai ka ce ana yanka ƙarfe, ganguna har cikin ƙirji. Ya ce yana son fitilu su haukace tare da kiɗan. Shekara tara ina jiran wanda zai ce mini haka. Ja, fari, walƙiya a kan kowane bugun ganga, duk na gama gani a kaina. Yayata ce za ta yi rawar ƙarshe ita kaɗai, minti shida. Da aka tashi ta ce, "Auta, kar dai ka gasa ni." Ga furfura a gemuna, amma har yanzu Auta.

Laraba, 5 ga Maris
Wuni guda a kan tsani, fitila arba'in da biyu. Bayana ya ƙage. Amma da na gwada walƙiyar, har mai shara ta ajiye tsintsiya ta tsaya kallo.

Alhamis, 6 ga Maris
Yaya ta kauce wa alamarta sau uku. Farin salatif nake mannawa a ƙasa, inda mai rawa zai tsaya haske ya same shi. Shekara ashirin ba ta taɓa kuskure shi ba. Darakta ya ɗora wa takalmi laifi, ita ta ɗora mini.

Asabar, 8 ga Maris
Ba takalmi ba ne. Daga ɗakin na'ura ina ganin komai. Da zarar walƙiya ta ɗauke, sai ta ɗan dakata tana laluben ƙasa da yatsan ƙafa. Yau saura taku ɗaya ta rufto daga bakin dandamali, ba ta ma sani ba. A mota ta miƙo mini waya, wai in karanta mata saƙo, ta mance tabarau. Yaya ba ta da tabarau.

Idonta ne. In Darakta ya gane, wata zai ba rawar. Ga shi ta riga ta gaya wa Ummarmu wannan ce ta ƙarshe, daga ita sai koyarwa.

Lahadi, 9 ga Maris
Na je gidanta da niyyar magana. Na ci abinci, na gyara mata fanka, na dawo.

Talata, 11 ga Maris
Na cire walƙiya daga minti shidan nata, kaf. Na sa da'irar haske guda ɗaya a ƙasa, ruwan zuma. A ƙa'idar aikinmu haske ne ke bin mai rawa. Na juya abin: yanzu zai riga ta da rabin bugu, ya sauka inda za ta taka, ita kuma ta bi shi. Daga kujerun 'yan kallo ba mai ganewa. Sai dai na'ura ba ta iya wannan, dole da hannu, ina ƙirga tare da ita.

Darakta ya ce tsawa ya nema na kawo masa kyandir. Na ce bayan minti arba'in ana tsawa, kyandir ɗin ne zai tayar wa mutane tsigar jiki. Ƙarya na shirga masa, ya kuwa hau ya zauna.

Na ji zafin rabuwa da walƙiyata, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa tsara abin da ya kai ta ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Gwajin ƙarshe. Ko sau ɗaya ba ta kauce ba.

Asabar, 15 ga Maris
An yi. Har aka kunna fitilun zaure ba a daina tafi ba. Darakta sai gaya wa baƙi yake dabararsa ce. Allah ya ba shi lafiya.

Na same ta a ɗakin canza kaya tana kwance bandejin ƙafa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"A juyi na uku ka makara," in ji ta. "Na tsaya a duhu ina jiranka."

Na ce hannuna ne ya yi gumi. Ta ce to gobe in goge shi. Sai da na kai ƙofa ta ce ranar Litinin in zo da mota da wuri, layin asibitin ido tsawo gare shi, kuma kar Umma ta ji tukuna.

Na ce to, Yaya.

Saura wasa huɗu. Tun da na dawo nake buga juyi na ukun nan a kan gwiwata.